Darasi na 12: Fitar da Iska daga Kulocin Mota

Duk wanda ya saba tsayawa da sassafe a bakin hanyar Salaga, wajen shingen Vittin, ya san wannan ƙarar. Mota ta yi lodi, direba ya taka kuloci ya ja giya, sai ka ji ƙurrr, giya ta ƙi shiga. Ya bubbuga feda sau huɗu ko biyar da sauri, ya sake ja, ta shiga da ƙyar, ya fizgi mota ya tafi. In ka yi masa magana sai ya ce, "Kulocin ne ya yi ƙasa, in na dawo zan kai ta gareji." Salaga kuwa tafiyar kusan kilomita 120 ce daga Tamale, kuma ba kowane ƙauye ne ke da bakanike ba.

A darasin da ya gabata mun buɗe birki, mun ga yadda mai ke ɗaukar ƙarfin ƙafa ya kai shi taya. Yau kuloci za mu duba, irin wanda ke aiki da mai, mu koyi yadda ake fitar masa da iska har feda ta dawo da ƙarfinta. Shi ne aikin da ake kira bilidin a gareji. Ba wuya gare shi ba, mutum biyu da sifana ɗaya sun gama shi cikin minti 20. Amma tun yanzu ku riƙe abu guda: iska ba ta shiga wannan hanya haka siddan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya fitar da iska bai binciki inda ta bi ta shiga ba, nan da mako guda motar za ta dawo masa, mai ita yana huci.

Daga ƙafar direba zuwa giyabos

Tsakanin inji da giyabos akwai farantin kuloci. Wani murfi mai sifirin mai ƙarfi ne ke matse shi a jikin fulawil, shi ya sa in ƙafarka ba ta kan feda, inji da giyabos suna juyawa tare. Da ka taka, boris ya tura tsakiyar sifirin ɗin, matsi ya sauka, faranti ya sami sarari, giya ta shiga salin alin. Abin tambaya shi ne, me ke ɗauko ƙarfin ƙafar daga ɗakin direba ya kai shi can ƙasa wurin boris?

A wasu motoci waya ce, kamar ta babur. Kia Pride da Daewoo Matiz, waɗanda aka daɗe ana tasi da su a ƙasar nan, waya ke ja musu kuloci. Babu mai, babu iska, babu bilidin. In fedarsu ta yi sako-sako, noti ake ɗaurewa ko a canja wayar. Don haka kafin ka shiga ƙarƙashin mota da kwalba, ɗaga bonet ka duba. Tun 1974 da Ghana ta koma tuƙi ta hannun dama, sitiyarin motocinmu yana hagu, to can gefen hagu za ka duba, a jikin bangon da ya raba inji da ɗakin direba. Kusa da babban kofin man birki, in ka ga wani ɗan ƙaramin kofi a kan gajeren silinda, wannan shi ne kulocin sama. Haka yake a tsofaffin Toyota Hilux. A wasu motocin kuma, irin su Sprinter da ke jigilar Kumasi, kofi ɗaya ne birki da kuloci ke sha, wani tiyo ne ya fita daga gefen kofin ya tafi kulocin sama.

A cikin kulocin sama akwai fistin mai robobi. Sandar feda ce ke tura shi. Man da ya tura sai ya bi bututun ƙarfe, ya ratsa wani guntun tiyon roba da aka sa don jijjigar inji, ya sauka kulocin ƙasa da ke manne a jikin giyabos. Can ma fistin ne, shi kuma ya tura wata gajeriyar sanda, sanda ta tura fok, fok ya tura boris. A jikin kulocin ƙasa akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai huda a tsakiya, an rufe kansa da hular roba. Shi ne nipul, kuma ta nan iska ke fita.

Abin da ya sa 'yar iska kaɗan ke kashe feda

Kowa ya ɗauki sirinjin da aka raba, marar allura. Ku cika shi da ruwa, ku toshe bakin da yatsa, ku danna. Cak yake tsayawa, ƙarfin duka yana kan yatsan da ya toshe. Yanzu ku zubar da rabin ruwan, ku ja iska ta cika gurbin, ku sake dannawa. Kun ji yadda ya lotsa? Hannu ya yi tafiya, amma ruwan bai je ko'ina ba, iskar ce kawai ta takure. Wani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ya bayyana cewa ruwan da aka tsare a rufaffen wuri, in aka danna shi ta gefe ɗaya, matsin yana isa kowane gefe daidai. Birki da kuloci da jak ɗin mai da hannun katafila duk a kan wannan suke aiki.

Ga ɗan lissafi, tunda mun fara koyon faɗin da'ira. A ce bakin kulocin sama milimita 16 ne, wanda shi ne girman da aka fi samu a ƙananan motoci. Faɗin fuskar fistin ɗin zai kama santimita murabba'i 2. In ya yi tafiyar santimita 2 da rabi, man da ya tura mililita 5 ne, wato cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Iyakar abin da ke raba injin mota da giyabos ke nan duk lokacin da ka taka. In bakin kulocin ƙasa milimita 20 ne, wannan man zai tura sandarsa kimanin santimita 1 da rabi. To, a ce iska mililita 2 ta maƙale a hanya. Kafin mai ya fara tura komai sai ya gama takure ta, kusan mililita 2 sun tafi a banza, saura 3. Sandar ba za ta kai santimita 1 ba. Faranti bai gama sakuwa ba, yana ta jan giyabos, shi ne ƙurrr ɗin da kuke ji. Bubbuga fedar da direba ke yi tana tara matsi na ɗan lokaci, giya ta shiga, in ya jima kaɗan abin ya koma gidan jiya.

Ta ina ta shiga?

Nan ne ake gane bakaniken da ya iya aiki. Kafin ka taɓa sifana, tambayi mai mota. "Alhaji, yaushe ta fara? Kana ƙara mata mai? An taɓa kwance wani abu kwanan nan?" In ya ce jiya aka canja kulocin ƙasa ko aka sauke giyabos, to iskar ta shiga ne lokacin aikin, bilidin kawai ya isa. In kuwa ya ce, "Ai kowane mako sai na ƙara," to mai yana da hanyar fita, domin man birkin da kuloci ke sha ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. Inda mai ya fita, nan iska ke shiga, ko kuma kofi ya ƙafe kulocin sama ya zuƙi iska ta sama.

Fara da ɗakin direba. Durƙusa, ka haska tocila can sama inda sandar feda ta shige bango. In robar baya ta kulocin sama ta mutu, man ba ya zuba a ƙasa inda za a gan shi. Ciki yake biyowa, ya gangaro ta jikin feda ya jiƙa kafet. Shafa da yatsa. In ka ji santsi, ko ka ga fentin wurin ya kumbura yana ɓarewa, ka kama ɓarawo. Direbobi da yawa sukan rantse motarsu ba ta yoyo, alhali takalminsu na hagu ya daɗe yana shan mai.

Daga nan sauka wurin kulocin ƙasa. Ja robar ƙura da ke rufe sandar baya kaɗan. Ya kamata cikinta ya kasance a bushe. In mai ya ɗigo, fistin ɗin yana yoyo. Bi bututun da hannu daga ƙasa har sama, ka duba mahaɗai, ka lanƙwasa tiyon roba ka ga ko ya tsattsage. Sa yaro ya taka feda kana riƙe da tiyon. In ka ji yana kumbura a hannunka, ya gaji, yana shanye matsin da ya kamata ya tafi ƙasa. Zafin Tamale a watan Maris da Afrilu, da kan kai digiri 40, ga na inji, ba ya barin roba ta yi tsawon rai. Jar ƙurar hanyoyin cikin unguwa da ta hunturu kuwa, in ta sami robar ƙura a yage, ta shiga ta cakuɗe da mai ta riƙa cin jikin silinda.

Akwai yoyon da ba ya fita waje ko kaɗan. Robar gaba ta kulocin sama ta lalace, mai yana zagaye ta yana komawa kofi. Kofi cike, ƙasa a bushe, amma feda tana mutuwa. Ga yadda ake kama shi: tada inji a fili, sa giya ta ɗaya, danne kuloci ka riƙe kamar rabin minti, ƙafar dama tana kusa da birki. In mota ta fara rarrafe da kanta kana danne, matsi yana sulalewa ta ciki. Ko ka kwana kana bilidin ba zai warke ba, sai an canja robobi ko kulocin sama ɗungurungum.

Wasu motocin, kamar Opel Astra na baya-bayan nan da Ford da dama, an sa musu kulocin ƙasa a cikin giyabos, haɗe da boris. Nipul ɗin kaɗai ke leƙowa waje. In ka ga man birki yana ɗiga daga ƙasan mahaɗar inji da giyabos, gaya wa mai mota gaskiya tun da wuri: sai an sauke giyabos. Kuma duk ranar da aka sauke shi don canja faranti, a canja wannan ɗin tare, ko da bai fara yoyo ba. Kuɗin aikin saukewa sau biyu ya fi kuɗin kayan.

Game da kaya, kit ɗin robobi ya fi araha, kuma yana yi in cikin silinda sumul yake. Zura yatsa ka ji. In akwai ramukan tsatsa ko zane, sabuwar roba ba za ta daɗe ba. Yawancin kayan da ke shagunan Tamale daga Suame Magazine na Kumasi ko Abossey Okai na Accra suke zuwa, sababbi da na hannu, masu kyau da na jabu. Tafi da tsohon a hannunka ka gwada bakinsu, don silinda biyu kan yi kama ta waje girman cikinsu ya bambanta.

Man da za a zuba

Karanta murfin kofi. Za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Wannan ma'auni ne na Ma'aikatar Sufuri ta Amurka. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Sai dai man birki mayen ruwa ne, yana zuƙar danshi daga iska, kuma in ruwan cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155. Gaskiya man kuloci ba ya ɗaukar zafi irin na birki, don haka ba tafasa ce babbar damuwarmu a nan ba. Tsatsa ce. Ruwan da ya taru cikin damina, daga Mayu zuwa Oktoba, shi ke huda cikin silinda. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canja man duk shekara 2, kuma shi ya sa ba a sayen kwalbar da aka riga aka buɗe. Ana iya zuba DOT 4 inda aka ce DOT 3. DOT 5 kuwa wani iri ne daban, ba a haɗa shi da su.

Baƙin mai, man giya, man sitiyari, fetur, kananzir, ko ɗigo kada ya shiga. Suna kumbura robobin nan su narkar da su, sai an canja komai daga sama har ƙasa. Ko mazurarin da aka zuba baƙin mai da shi kada ka yi amfani da shi. Masu zuba ruwan omo don su ƙarasa gida kuma, sun ƙarasa ɗin, amma sun sayi tsatsa da kuɗinsu. Abu ɗaya da za a kiyaye a ƙasar noma irin tamu: wasu tarakta akasin haka suke, man ma'adinai aka yi robobinsu don shi, man birki ne ke kashe su. Murfi da littafin mota su ne alƙalai.

Aikin kansa

Tanadi sifana mai zobe, yawanci lamba 8 ko 10, da tiyo siriri wanda ake ganin cikinsa, tsawon kamu biyu, da kwalba mai tsabta, da sirinji, da tsumma, da sabon mai. Ajiye mota a wuri mai daidai, kashe inji ya huce, ja birkin hannu, sa giya a firi, sa wa taya waigi. In sai an ɗaga ta, a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya.

Goge murfin kofi da kewayensa fes kafin ka buɗe. Zuƙe tsohon man da ya yi baƙi da sirinji, cika da sabo har layin da aka rubuta MAX. Sauka ƙasa, cire hular nipul ka sa a aljihu, goge shi, zura sifana tukuna, sannan ka cusa tiyo a kansa. Ɗaya bakin tiyon ya nutse cikin ɗan man da ka zuba a gindin kwalba. In nipul ya ci tsatsa ya ƙi motsi, kada ka nuna masa ƙarfi. Cikinsa rami ne, ƙiris ya karye. Fesa masa man kwance tsatsa, ɗan ƙwanƙwasa shi, ka ba shi lokaci.

Daga nan sai aikin baki. Masta yana ƙasa, yaro yana kan kujera, gilashi a sauke don su ji juna.

"Taka a hankali, sau uku."

"Na taka, Masta."

"Danne. Kada ka saki."

"Na danne."

Masta ya buɗe nipul kwatan zagaye, ko rabi. Mai ya fito ta tiyo fut-fut, baƙi, da kumfa a jere. Da gudunsa ya fara raguwa ya rufe.

"Saki."

"Na saki, Masta, amma fedar ta kwanta a ƙasa."

"Ɗago ta da hannu, a hankali. Ƙirga biyar, ka sake takawa."

Kwanciyar fedar nan tana firgita sabon yaro, ya ɗauka ya ɓata wani abu. Ba komai. Sifirin ɗin murfin kuloci ne ke turo mai baya ya ɗago feda, to an buɗe wa man hanya ya fita, babu abin da zai turo ta. Ƙirga biyar ɗin kuma don kulocin sama ya sami damar shan sabon mai daga kofi ne.

Ka'ida biyu ce ke riƙe da aikin nan duka. Ta farko, ba a sakin feda nipul yana buɗe. In yaro ya riga Masta, fistin ya koma baya ya zuƙo iska ta inda aka fitar da ita. Shi ya sa kowace kalma sai an maimaita ta, kuma wanda ke ƙasa shi kaɗai ke ba da umarni. Mai mota da ke tsaye yana "Saki mana!" a ba shi benci ya zauna. Ta biyu, kada kofi ya ƙafe. Kofin kuloci ɗan mitsitsi ne, zagaye uku ko huɗu ya yi ƙasa. A tsaya a ƙara. A motocin da kofi ɗaya ne da birki akwai tarko: tiyon kuloci yana fita ne daga can sama a gefen kofin. Da gangan aka yi haka, don in kuloci ya yi yoyo kada ya shanye wa birki mansa. Za ka ga kofi da sauran mai fiye da rabi, alhali bakin tiyon ya riga ya fito fili yana shan iska. A irin waɗannan, riƙe man kusa da MAX har ka gama.

Kuma a bar bugun feda da sauri kamar ana tsere. Gaggawa tana farfasa babbar kumfa ta zama ƙananan da ke gauraye da mai, sai an jira sun taru kafin su fita.

Za a yi ta maimaitawa har man da ke bin tiyo ya fito garau, launin sabo, babu kumfa ko ɗaya. Yawanci zagaye shida zuwa goma sun isa. Ɗaure nipul daidai wuyan hannu, mayar da hularsa, cika kofi zuwa layi, rufe, wanke duk inda mai ya zuba da ruwa.

In iska ta yi taurin kai

Wani lokaci ka yi zagaye ashirin, kumfa ta daina fitowa, feda tana nan lagwaf. Iska sama take son hawa, mu kuma ƙasa muke kora ta, sai ta sami wani lanƙwason bututu ta laɓe. To a bi ta yadda take so. Rage man kofi, cika babban sirinji da sabon mai, kore iskar cikinsa da ta tiyo, haɗa da nipul, buɗe, ka tura mai a hankali daga ƙasa. Yaro ya tsaya a sama yana kallon kumfa tana ɓulɓulowa cikin kofi, yana zuƙe abin da zai malala. Wannan hanya ce ta fi dacewa da kulocin ƙasa na cikin giyabos.

In na waje ne, ana iya kwance shi daga jikin giyabos ba tare da an cire bututu ba, a karkata shi nipul ya koma can ƙololuwa, a buɗe, a tura sandar ciki da hannu, a rufe kafin a saki. Amma a gaya wa yaro ya sauko daga mota tukuna. In ya taka feda kulocin ƙasa yana reto, fistin zai yi tsalle ya fito, mai ya wanke wa na ƙasa fuska. Sabon kulocin sama kuwa, a cika shi da mai a kan teburi, a tura fistinsa har ya daina kumfa, sannan a ɗaura. Wanda ba shi da mataimaki yana iya buɗe nipul ya bar mai ya riƙa ɗiga da kansa yana ƙarawa ta sama. Yana ɗaukar lokaci, amma yana yi a motoci da yawa. Manyan motocin da ke bin hanyar Bolgatanga zuwa Paga suna da bustar iska a kulocinsu, nasu darasin daban ne.

Gwaji

Inji a kashe, yaro ya taka, kai ka kalli sandar kulocin ƙasa. Ta motsa tun farkon takawa, ta yi tafiyarta cikakkiya. Taɓa feda da yatsa: akwai ɗan wasa a sama kafin ta fara nauyi, a Toyota da yawa milimita 5 zuwa 15. Kada a ƙara tsawon sandar feda don a kashe wasan nan gaba ɗaya. In fistin bai koma mazauninsa ba, yana toshe 'yar hudar da mai ke komawa kofi, inji na yin zafi kuloci ya fara zamewa. Tada inji, danne, jira daƙiƙa uku, sa ribas. A yawancin motoci ribas ba ta da zoben da ke daidaita gudu, don haka ita ce ba ta rufa wa kuloci asiri. In ta shiga shiru, aiki ya yi.

Ku kuma san abin da bilidin ba ya magani. Mota tana hawa tudu, inji yana ihu, gudu ba ya ƙaruwa, ga ƙauri: faranti ya cinye. Ƙara tana tashi in an taka, ta ɗauke in an saki: boris ne. Feda ta yi tauri sai an sa ƙarfi: a duba murfi da fok. Mai mota zai so ka ce masa iska ce, don ita ce mai araha. Kada ka karɓi kuɗin bilidin a kan ciwon da ka san ba shi ba ne.

Tsohon man da ke kwalba guba ne, yana lalata ƙoda, ga shi da ɗan zaƙi. Kada a bar shi cikin gorar lemo inda yaro zai gani, ko a buɗe inda awaki ke yawo. Kada a zuba shi a kwata, domin ruwan sama zai kwashe shi zuwa dam, kuma kun san yadda jama'a ke komawa ga ruwan dam in famfo ya ɗauke a Tamale. A tara shi a jarka mai murfi, a yi mata alama. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15. In wani ya sha, a garzaya da shi asibiti da kwalbar a hannu. Asibitin Koyarwa na Tamale yana kan wannan hanya tamu ta Salaga.

Aikin gida

Ku amsa a littafinku. Direba ya ce kofinsa kullum cike yake, ƙasa a bushe, amma in ya daɗe a danne mota tana rarrafe: me ya lalace? Me ya sa kofin Sprinter zai nuna rabi kuloci ya sha iska? In kulocin sama yana tura mililita 6, iska ta cinye 2, kashi nawa cikin uku ya rage?

Sannan kowa ya nemi izinin wani mai mota a unguwarsu, ya ɗaga bonet, ya rubuto sunan motar, ko waya ce ko mai, abin da aka rubuta a murfin kofi, da launin man. A darasi mai zuwa za mu fita fili mu yi aikin a kan mota, bibbiyu. Ku zo da sifana 8 da 10, da tiyo, da kayan da ba ku jin tsoron su ɓaci. Kowa zai shiga ƙasa, kowa zai hau kujera, maza da mata.